Bayan ƙasa ta lafa: gawa ce ke kawo annoba, ko ruwan sha?

Ɗan Antep:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Jiya Alhaji Mai Yadi ya turo hoton maƙabartar nan ta Kahramanmaras, kaburbura jere da alluna masu lamba, ya rubuta a ƙasa cewa saurin binne gawawwaki ne ya tsare Turkiyya daga annoba. Na kwana da maganar, domin ina Gaziantep ina karatu lokacin da girgizar ƙasar ta auku. Ranar Litinin ce, 6 ga Fabrairun 2023, ƙarfe 4:17 na asuba, ƙarfinta maki 7.8. Ba mu gama dawowa hayyacinmu ba, bayan kamar awa tara, ta biyu ta sake bugawa da maki 7.5. Da silifas da rigar barci na fito, ga dusar ƙanƙara a ƙasa. Kwana biyar muka yi a wani zauren wasanni, mu ɗaruruwa. Wallahi Alhaji, a inda muke ban ga gawa ko ɗaya ba, amma na ga abin da ya tsorata ni, wato bandaki. Famfo ya ɗauke, masai huɗu ne kacal, zuwa kwana na biyu sun cika sun tumbatsa. Mutum ya taka ya dawo ya zauna kan bargon da yara ke cin burodi a kai. Akwai wata tsohuwa kusa da mu da ta daina shan ruwa gaba ɗaya don kada fitsari ya matse ta. Shi ne nake tambayar masana cikinmu, ina ainihin haɗarin yake, wajen mamata ko wajen rayayyu?

Alhaji Mai Yadi:
Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya ƙara tsarewa. Amma ni ina nan kan bakana. Mutum sama da 53,000 suka rasu a Turkiyya kaɗai, ban da dubban na Siriya. Akuya ɗaya in ta mutu a kwata unguwa ba ta zaunuwa, balle dubban mutane a ƙarƙashin gini. Wannan warin da iska ke kwasowa ai shi ne cutar.

Baba Duba-Gari:
Alhaji, ka gafarce ni, yau zan saɓa maka. Shekara 35 na yi ina leƙa randuna da salgogin mutane kafin na yi ritaya, kuma abin da na fi shan wuyar fahimtar da jama'a ke nan: wari daban, cuta daban. Wanda gini ya danne da lafiyarsa ya kwanta barci. Bai mutu da kwalara ba, bai mutu da sanƙarau ba, to daga ina gawarsa za ta samo abin da ba ta da shi? Ƙwayoyin da ke ruɓar da jiki ba su ne masu haddasa annoba ba, kuma yawancin ƙwayoyin cuta ba sa daɗewa a jikin da rai ya fita. Masu ɗaukar gawa su ne ke buƙatar safar hannu da takalmin roba da wanke hannu, saboda jini da abin da ke fita daga ciki, sannan a haƙa kabari nesa da rijiya. Inda gawa take da haɗari na gaske shi ne in mutum ya mutu da kwalara, ko Ebola, ko zazzaɓin Lassa. Wannan kuwa wani babi ne.

Abin da yaron nan ya gani a bandaki, shi ne hanyar da annoba ke bi. Kashin mai rai ya shiga ruwan sha ko ya hau hannun mai raba abinci, shi ke nan.

Alhaji Mai Yadi:
To Haiti fa? Ba bayan girgizar ƙasa kwalara ta kashe su ba?

Baba Duba-Gari:
Madalla da ka kawo Haiti, don hujjata ce ba taka ba. Girgizar ta auku ranar 12 ga Janairun 2010, ta ruguza babban birninsu. An kwashi gawawwaki da motocin tifa an zuba a ramuka, yawancinsu ba a ko rubuta sunansu ba. Kwalara ba ta ɓulla ba sai watan Oktoba, bayan wata tara, kuma ba a inda ginin ya rushe ta fara ba. Daga wajen garin Mirebalais ta taso, inda sojojin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya da suka zo daga Nepal suke da sansani. Ƙazantar masansu ta malala cikin wani rafi da ke zuba a kogin Artibonite, wanda talakawa ke sha, suke wanka, suke ban-ruwan shinkafa da shi. Ƙasar da ta fi shekara 100 ba a san ta da kwalara ba, sai ga mutum sama da 800,000 sun kamu, kusan 10,000 sun mutu. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Sai a Disambar 2016 Ban Ki-moon, babban sakataren Majalisar na lokacin, ya fito ya ba mutanen Haiti haƙuri. Ka ga ba gawa ba ce Alhaji. Masai ne na masu rai, kuma masu ran da suka zo da sunan taimako. Duk lokacin da na tuna wannan sai raina ya ɓaci, domin ramin masai mai kyau da mota mai kwashewa zuwa inda ya dace da sun isa su hana wannan.

Alhaji Mai Yadi:
Na ji, kuma ban san wannan ba. Amma kana nufin a bar Musulmi yashe a titi ana jiran likitoci? Malam yana nan, ya faɗa mana.

Malam Na Zaure:
Ba wanda ya ce a bar shi, Alhaji. Gaggauta jana'iza sunna ce, suturta mamaci kuma farilla ce a kan al'umma. Amma dalilinmu na gaggawa girmama mamaci ne, ba tsoronsa ba, kuma bambancin nan yana da amfani. Mai tsoro katafila zai kawo ya ture ƙasa ya gudu. Mai girmamawa zai tsaya ya san wa yake binnewa. A Uhudu an haɗa shahidai biyu-biyu a kabari ɗaya saboda lalura, amma an san kowanne da sunansa, har ana tambayar wanda ya fi haddar Alƙur'ani a gabatar da shi. In ruwa ya yi ƙaranci ko jikin ba zai wanku ba, akwai taimama. Shari'a ba ta ƙuntata ba.

Ku duba kuma abin da ke biyo baya in an binne mutum ba a san shi ba. Matarsa ba ta san ko ta shiga takaba ba. Gado ba ya rabuwa. A Malikiyya asalin hukuncin matar wanda ya ɓace shi ne ta jira shekara huɗu sannan ta yi idda, ko da yake akwai tafsili gwargwadon yadda ya ɓace. Wannan lambar da ka gani a allunan kaburbura, ita ce rahamar da ke cikin hoton.

Ɗan Antep:
Haka ne Malam. Wanda ba a gane shi ba, sai an ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa da samfurin ƙwayar halittarsa kafin a binne, lambar kabarin kuma ta yi daidai da ta fayil ɗinsa. Da haka iyalai da yawa suka gano nasu daga baya.

Anti Nas:
Ku ba ni dama in ja ku baya kaɗan, don kun yi tsalle zuwa annoba alhali a makon farko ba ita ke kisa ba. Ni a ɗakin wankin ƙoda nake aiki, kuma da na ga bidiyon ana zaro mutane ana kabbara, abin da ke raina shi ne ƙodarsu. In gini ya danne cinya ko ƙafa na awoyi, naman wurin yana mutuwa. Muddin nauyin yana kai, dafin yana tsare a wurin. Ana ɗagawa sai ya kwarara cikin jini. Sinadarin fotasiyam ya yi yawa ya tsayar da zuciya, wani sinadarin na tsoka kuma ya toshe ƙoda. Za ka ga mutum ya fito yana magana yana murmushi, bayan awoyi fitsarinsa ya koma kamar baƙin shayi, daga nan ya ɗauke. Shi ya sa ƙa'ida ita ce a sa masa ƙarin ruwa tun yana ƙarƙashin ɓaraguzan, ko hannu ɗaya aka samu a nemi jijiya, kafin a ɗaga abin da ya danne shi.

Duniya ta koyi wannan da tsada a Armeniya a 1988, Turkawa kuma sun koya a girgizar Marmara ta 1999, inda ɗaruruwan waɗanda aka ceto suka buƙaci wankin ƙoda. To ga inda matsalar take. Wanki ɗaya na awa huɗu yana cin tataccen ruwa lita 120 ko fiye, ga wutar lantarki da ba za ta ɗauke ba. A garin da famfo ya fashe, wuta ta yanke, ina za ka samo? Kuma kada ku manta da masu ciwon ƙoda na da, waɗanda dama sau uku a mako ake musu. Su gini bai taɓa su ba, amma in suka yi mako ba wanki, ruwa zai cika musu huhu. Dole aka riƙa kwasar marasa lafiya da jiragen sama da na ruwa zuwa Adana da Mersin da Ankara da Istanbul.

Sai kuma raunuka. Ƙusa mai tsatsa, rodi, ƙasa a cikin ciwo. Cutar sarƙewar haƙora, wadda muke ce wa titanus, ta kama mutum sama da 100 a Aceh ta Indonesiya bayan ambaliyar teku ta 2004, ta sake bayyana a Pakistan bayan girgizar 2005. Ciwo mai datti ba a ɗinke shi nan take, wankewa ake yi sosai a cire mataccen nama a bar shi a buɗe, a yi allura.

Ɗan Antep:
Anti, kin tuna min da wani dattijo a zaurenmu. Mai ciwon suga ne, ya gudo ya bar allurarsa a firji a hawa na shida, kuma an hana kowa komawa cikin gini. Kwana na uku ya fara sambatu, bakinsa ya bushe, jikarsa tana ta zagaye tana nuna wa mutane hoton kwalin maganin a wayarta. Sai da aka buɗe kantin magani na wucin gadi a cikin kwantena, ana bayarwa kyauta, sannan aka samo masa. Wannan hoton na waya shi ya taimake su, don shi ba ya iya faɗin sunan maganin.

Ungozoma Maradi:
Sannunku. Ni tawa guda ce: naƙuda ba ta san an yi girgizar ƙasa ba. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan jama'a ta ƙiyasta mata masu ciki sama da 350,000 a yankin da abin ya shafa, Turkiyya da Siriya. A cikin kowace haihuwa 100, kusan 15 sukan zo da matsala, wasu sai an yi tiyata. Kowa hankalinsa na kan mai karaya, ita kuwa mai zubar jini a cikin tanti ba a jin kukanta. Kuma ina roƙo, masu aika gudummawa su daina cika mota da madarar gwangwani. Inda ba ruwa mai tsabta, ba wutar dafa bulumboti, madarar nan gudawa take zama. Uwa a ba ta abinci da ruwa da wurin da za ta keɓe ta shayar. Firgita takan sa nono ya yi jinkirin saukowa, amma in jariri ya ci gaba da kamawa yana dawowa. Madarar a ajiye ta ga marayun da ba su da mai shayarwa, ma'aikaciya ta riƙa haɗawa da kofi.

Ɗan Zongo Kumasi:
Mu a Gana ba za mu manta lardin Hatay na Turkiyya ba, can muka rasa ɗan ƙwallonmu Christian Atsu, sai ranar 18 ga Fabrairu aka samo gawarsa a Antakya. Abin da ya ɗaure min kai, an ce asibitocin ma sun rushe. Yaya ƙasa kamar Turkiyya asibitinta zai faɗi?

Ɗan Antep:
Allah ya ba ku haƙuri ɗan'uwa. Wani ɓangare na asibitin gwamnati na Iskenderun, a can Hatay, ya rufta da marasa lafiya da ma'aikata a ciki. Wasu asibitocin suna tsaye amma ba sa shiguwa, silin ya zubo, bututun iska ya tsinke. Titin saukar jirgi na Hatay ya tsage, tashar jirgin ruwa ta Iskenderun ta kama da wuta. Ma'aikatan lafiyar su ma 'yan garin ne, wasu sun mutu, wasu suna tonon 'ya'yansu. Amma akwai asibitocin da aka gina kan wasu faifai na musamman tsakanin harsashi da gini, in ƙasa ta motsa sai ginin ya zame a hankali maimakon ya karye. Babban asibitin birnin Adana yana cikinsu, kuma bai daina aiki ba. Sauran guraren sai asibitin tanti. Sojojin Indiya ma sun kafa nasu a Iskenderun.

Baba Duba-Gari:
Kuma ku lura, duk da ƙazuwa da ƙwarƙwata da gudawa da ciwon huhu da aka sha a tantuna, babbar annoba ba ta ɓarke a ɓangaren Turkiyya ba. Ba binnewa ce ta hana ba. An hana shan ruwan famfo har sai an gwada shi, an yi ta jigilar ruwan gora, an zuba kulorin, an kawo bandakin tafi-da-gidanka ko da an makara, sanyi ma ya taimaka, kuma yaransu dama an yi musu rigakafi. Ku tsallaka iyaka ku ga bambanci. A Siriya tun ranar 10 ga Satumbar 2022 aka ayyana ɓarkewar kwalara, wata biyar kafin girgizar, saboda mutane na shan ruwan kogin Furat ba tacewa. Yaƙi ya riga ya cinye asibitoci da tashoshin ruwa. Arewa maso yammacin ƙasar, mutum sama da miliyan 4, a lokacin ta ƙofa ɗaya tak ake shigar musu da agajin Majalisar, Bab al-Hawa. Bayan girgizar, ayarin farko bai shiga ba sai ranar 9 ga Fabrairu. Sai ranar 13 aka amince da buɗe ƙarin ƙofofi biyu. A watan Maris aka fara ɗiga rigakafin kwalara, wajen mutum miliyan 1.7 aka nufa. Girgizar ƙasa ba ta ƙirƙirar cuta, wadda ta tarar a gari ita take buɗe wa ƙofa.

Alhaji Mai Yadi:
To ai magana ta ƙare. Tunda akwai rigakafi, a ɗiga wa kowa tun ranar farko a huta da zancen masai.

Anti Nas:
Ina ma haka ne Alhaji. Maganin bai isa ba a lokacin. A Oktoban 2022 aka koma ba da ɗigo ɗaya maimakon biyu a duk duniya saboda ƙarancinsa, kuma kariyar ɗigo ɗaya ba ta daɗewa, musamman ga ƙananan yara. Yana kuma ɗaukar kwanaki kafin ya fara aiki. Sannan kwalara kaɗai yake tarewa. Taifot da shawara da atini duk ta wannan hanyar ta ruwa suke zuwa. Rigakafin da ake gaggautawa a sansani shi ne na ƙyanda, don ita a cunkoso kamar wutar daji take. Shi ma sai da firji, kuma in wuta ta daɗe a yanke abin da ke ciki na iya lalacewa.

Baba Duba-Gari:
Lissafin da ma'aikatan agaji ke bi ba boyayye ba ne. Kowane mutum aƙalla lita 15 na ruwa a rana, na sha da girki da wanke hannu. Masai ɗaya ga mutum 20, in an matsu a kwanakin farko ɗaya ga 50. Ramin ya yi nisan aƙalla mita 30 daga rijiya. Na mata daban, da fitila da sakata, in ba haka ba ba za su je da dare ba. Ɗana, ku nawa ne a zauren nan?

Ɗan Antep:
Za mu kai 600, Baba.

Baba Duba-Gari:
Masai huɗu ga mutum 600. Kowane ɗaya mutum 150 ke nan. Allah ne ya tsare ku, da sanyi.

Maman Biyu:
Tun ɗazu nake karantawa ina hawaye, don mu a Maiduguri ba girgizar ƙasa muka gani ba amma duk abin da kuka lissafa mun gan shi. Daren 10 ga Satumbar 2024 madatsar Alau ta ɓalle. Ruwa ya shiga har asibitin koyarwa. Ni da tagwayena muka kwana tara a wata makaranta. Ruwan ya bi ta masai da kwatoci da maƙabarta ya shiga rijiyoyi da burtsatse. Mutane suna ta zancen gawawwaki da macizai, ba mai zancen jarkar da muke sha. Shinkafa dafaffiya tana zuwa, Allah ya saka wa masu kawowa, amma sabulu sai a kwana na biyar na gan shi. Farkon Oktoba gwamnati ta sanar da kwalara. Hassana ta kamu da gudawa tun muna can, idonta ya faɗa, in na ja fatar cikinta sai ta tsaya ba ta komawa. Wata ma'aikaciya ce ta zauna da ni a ƙasa, ta nuna min da cokali.

Ungozoma Maradi:
Allah sarki 'yar'uwa. Yaya jikin nata yanzu?

Maman Biyu:
Ta warke sarai, har ta shiga makaranta. Alhamdu lillahi.

Alhaji Mai Yadi:
Allah ya raya su. Baba, na sauko daga maganar wari, ko da yake zuciyata ba za ta taɓa natsuwa da ganin gawa ta kwana a waje ba, kuma Malam ya ce ba laifi ba ne in ji haka. Mu 'yan kasuwa lokacin Maiduguri atamfa da shinkafa muka tara, mota biyu. Ba wanda ya kawo zancen sabulu ko maganin ruwa a taronmu, ni ma ban kawo ba. Maman Biyu, wane awo ma'aikaciyar ta nuna miki? Ina so in rubuta in manna a shago.

Maman Biyu:
Ruwa lita ɗaya, wanda aka tafasa ya huce, Alhaji. Suga ƙaramin cokalin shayi shida, a shafe bakin cokalin kada ya yi tozo. Gishiri rabin ƙaramin cokali. A ɗanɗana, kada gishirinsa ya wuce na hawaye. Ana ba yaro kaɗan-kaɗan da cokali, in ya yi amai a jira minti goma a ci gaba, kuma ba a daina ba shi nono. Wanda ya kwana a zubar a haɗa sabo.

Anti Nas:
Daidai ne. In akwai na leda na kemis ya fi, a haɗa da ƙwayar zinc kwana 10 zuwa 14. Amma Alhaji ka ƙara wannan a ƙasan takardar da manyan baƙaƙe: in zawon ya koma kamar ruwan shinkafa, ko yaro ya kasa sha, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, a ɗauke shi zuwa asibiti a lokacin, ana tafe ana ba shi a hanya, ko da tsakar dare ne.